Goggon Fure da Farantan Murjani

A masana'antar tangaran da ke bayan tashar mota ba wanda ya san ta da wani suna sai Goggon Fure. Shekara talatin da ɗaya ta yi a teburi guda, kusa da tagar da gilashinta ya tsage, tana zana furanni a bakin faranti. Ganye biyar, ɗigo a tsakiya, ta juya faranti, ta sake. Buroshinta uku ne, kuma mafi sirantarsu ba ta ba kowa aro, ko da kuwa manaja ne. Abokan aiki kan tsokane ta cewa ko a mafarki aka miƙa mata faranti sai ta yi masa fure kafin ta zuba abinci.

Mijinta direban bas ne da gwiwa ta sa ya ajiye sitiyari. 'Ya'yansu huɗu, uku maza, sai Auta. Mazan duk sun kama sana'a a cikin gari. Ita kuwa Auta karatu ta riƙe kamar za ta cinye takarda, har ta tafi jami'a ta karanci ilimin halittun teku, ita da aka haifa a garin da ko kogin kirki babu. Daga nan ta sami aiki a wata cibiyar bincike da ke kan tsibiri, tafiyar kwana biyu daga gida.

"Wato duk karatun nan don ki riƙa nutso ne kamar kwaɗo?" in ji Goggo ranar da ta ji irin aikin.

"Murjani nake dubawa, Iya."

"Murjani ai ga shi a akwatina. Sai kin shiga ruwa?"

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wanda ke cikin akwati ƙashin ne kawai, an goge an huda. Na cikin teku rai gare shi. Dabba ce 'yar mitsitsiya, dubbai suke haɗuwa su gina gida a kan gidan iyayensu, har ya zama gari guda a ƙarƙashin ruwa. Goggo ta taɓe baki ta ce Allah ya kyauta. Daga ranar kullum ta idar da salla sai ta roƙi Allah ya tsare mata 'yarta daga ruwa.

A shekararta ta uku a tsibirin Auta ta kira da wata buƙata. Cibiyarsu na gyara ɗakin da 'yan makaranta za su riƙa zuwa kallo, kuma hotunan takarda ba sa jure iskar gishiri. Ta ba da shawarar a yi zanen a kan faranti talatin, an kuma amince.

"Na ce musu babu mai hannu irin uwata."

"Ni fure na iya."

"To ki ɗauka fure ne da ya yi karatun boko."

Manaja ya yarda, aka ware mata ranakun Laraba da Alhamis. Auta ta riƙa turo hotuna ta waya, kowanne da saƙon murya. Ga mai rassa kamar ƙahon barewa, ga mai faɗi kamar faifai, ga wani dunƙulalle mai zane-zane kamar ƙwaƙwalwar rago. Goggo ta ɗora tabarau, ta jingina wayar da gwangwanin ruwa, ta fara.

Na farkon da ta yi ta tura hotonsa cike da alfahari. Amsa ta dawo nan take: "Iya, wannan ai bishiyar mangwaro ce. Wa ya ce ki sa masa ganye?"

"Ya yi mini tsirara da yawa ne," in ji Goggo.

Jan fenti ma ya ba ta wahala. Launin tangaran ba ya nuna gaskiyarsa sai ya shiga wuta, kuma jan da take so yakan fito kamar tsatsa. Sau shida suna gwadawa ita da Mai Wuta, dattijon da ke kula da tanderun gashi, yana rage zafi yana ƙunƙuni cewa shi tunda yake bai taɓa gasa dabba a faranti ba sai a kan wayar gashin nama. A na bakwai ya buɗe ƙofar tanderu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, Goggo, ashe kina da wannan a hannu kika bar mu da fure?"

Karatun kuma ya shige ta ba ta ankara ba. Auta ta gaya mata cewa a jikin murjani akwai wasu tsirrai da ido ba ya gani, baƙi ne da ya ba masauki. Su ke dafa masa abinci da hasken rana, su ke ba shi launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya kore su, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi.

"Wane irin maigida ne zai kori mai dafa masa abinci?"

"Wanda zafi ya ruɗa, Iya."

Da ta ji cewa akwai kifin da ke gwaguyar murjani ya kasayar da farin yashi, sai da ta tara mata huɗu na teburinta ta ba su labari. "Duk yashin nan da masu kuɗi ke kwanciya a kai suna hoto, to kashin kifi ne." Aka yi ta shewa har manaja ya leƙo.

Ta gama ashirin da ɗaya lokacin da Auta ta kira wata ranar Alhamis da hantsi. Muryarta ba karsashi. Ta ce ruwa ya yi wata biyu da zafi, wurin da take aunawa ya fara fari. Tana so tara da suka rage a zana su haka, farare, don yara su ga abin da ke faruwa.

"A'a," in ji Goggo. "Ni ba na zanen gawa."

"Iya, gaskiya ce fa. Ita nake gani kullum."

"To ki ɗauki hotonta. Wa zai rataye abin baƙin ciki a gaban yara?"

Auta ta bar zancen, ta ce cikinta ma na ɗan ciwo tun jiya. Goggo ta ce ta sha ruwan ɗumi, ta daina zama da yunwa. Daidai nan Mai Wuta ya ƙwala mata kira daga ƙofa, za a buɗe tanderu. "Zan kira ki," ta ce, ta kashe. Ba ta kira ba ran nan, don tana ɗan fushi. Washegari ma ba ta kira ba, tana jira yarinya ta fara saukowa.

Ranar Asabar da la'asar tana shanya a tsakar gida wayar mijinta ta yi ƙara. Ta ji ya ce "Na'am, ni ne," sai kuma ba ta sake jin komai ba. Da ta leƙa ta same shi riƙe da waya a gwiwa, bakinsa na motsi. Hanji ne ya fashe wa Auta. Iska ta hana jirgi tashi daga tsibirin kwana guda cur, kuma ko da aka kai ta asibitin gaɓar teku lokaci ya ƙure. A can aka binne ta, don tafiyar ta yi nisa.

Goggo ba ta yi ihu ba. Ta koma ta ƙarasa shanyar, ta matse kowane zane, ta maƙala. Sai da ta maƙala na ƙarshe sannan ta zauna a ƙasa. Abin da maƙwabta suka riƙa ji tana maimaitawa shi ne, "Ruwa na ce a tsare mini ita. Ruwa kawai na roƙa."

Bayan wata biyu suka yi tafiyar, ita da mijinta Direba. Wanda ya tarbe su wani dogon mutum ne abokin aikin Auta, kowa na ce masa Dogo. Ya kai su maƙabarta, ya koma nesa ya tsaya. Kabarin bai da wani bambanci da na kusa da shi, sai dai ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Suka yi addu'a. Goggo ta tsuguna ta tsince ƙananan duwatsun da ke kai, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa.

Da safe Dogo ya ce in suna so zai kai su su ga inda take aiki. Direba ya dubi jirgin ruwan da za su shiga, ya girgiza kai. "Ɗana, abin da ba shi da birki ba na shiga. Ku je, ni ina wajen 'yata."

Jirgin ƙarami ne, an sa gilashi a cikinsa ta yadda ake ganin ƙasa. Goggo ta riƙe katako da hannu biyu har suka isa. Da Dogo ya kashe inji ya ce ta duba, sai ta sunkuya.

Ta gane su duka. Ga mai ƙahon barewa, ga mai faifai, ga ƙwaƙwalwar rago, kowanne a siffar da hannunta ya sani. Amma babu ja, babu ruwan ɗorawa. Wasu fari ƙal kamar farantin da ba a taɓa ba, wasu gansakuka ta fara lulluɓe su. Kifi ɗai-ɗai ne ke gilmawa.

"Duk sun mutu?"

"Ba duka ba, Iya. Fararen nan da sauran ransu. In ruwa ya huce da wuri wasu za su farfaɗo. Masu gansakukan ne suka tafi." Ya nuna mata wasu 'yan alamun roba da aka ɗaura a jikin rassan, kowanne da lamba. "Ita ta ɗaura su. Ɗari da goma sha biyu. Kowane mako sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya."

Goggo ta ƙura wa mafi kusa ido. Ƙullin da aka yi wa igiyar irin nata ne, wanda take ɗaure bakin buhu da shi, sau biyu sannan a soke. A nan kukan da ta riƙe wata biyu ya ƙwace mata. Dogo ya juya baya yana kallon ruwa, ya bar ta ta yi har ta gaji.

"Ta yi fushi da ni?" ta tambaya daga baya. "Na hana ta abin da ta roƙa."

"Ta dai ce mana, uwata sai ta yi gardama kafin ta yi abu, amma za ta yi."

Ta yi ɗin. Ta koma teburinta ta shafe faranti tara da shuɗi mai duhu, ta zana fararen rassa a kai da siririn buroshinta. Matan teburin suka rage hira a ranakun. Mai Wuta ya gasa su, kuma shi da kansa ya naɗe kowanne a jarida ya jera a kwali. Dogo ya turo hoton ɗakin bayan an rataye su. Ta kalla sau ɗaya ta ba Direba wayar.

Shekara ta zagayo ta ajiye aiki, ta ce idonta ya gaji. Yanzu da rana takan zauna a inuwar bango ita da mijinta, shi da gwiwarsa a miƙe kan kujera. Shi da bai taɓa tsayawa ya saurari zancen teku ba, sai ga shi wata rana ya rage rediyo ya ce, "Ke, gaya mini abin da yarinyar nan take cewa. Ni ban ji ba a lokacin."

Ta fara ba shi, kaɗan-kaɗan, yadda aka ba ta. Yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce "Ikon Allah," wani wurin ya yi musu. Can ya katse ta.

"To su abubuwan nan, suna jin ciwo kuwa?"

Goggo ta daɗe tana duban tafin hannunta.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Ban tambaye ta ba."

Ta tashi ta janye masa kujerar daga inda rana ta cim masa, ta dawo ta zauna.