Baba Mai Gyara da Talabijin Marar Murya

Bayan azahar, rana na dukan rufin kwano kamar da gayya, Baba Mai Gyara kan jawo benci bakin shagonsa, ya juyo da tsohuwar talabijin ta kalli titi, ya sa faifan fim, sannan ya murɗe muryar ya kashe ta gaba ɗaya. Kafin ya koma kan ƙarfen dalmarsa, 'yan makaranta sun cika bencin, jakunkuna a cinya.

Dokarsa ɗaya ce. Kallo kyauta ne, amma rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto sai an karanta masa da baki, kowa da layinsa.

"Idona na cikin rediyon mutane," in ji shi. "To, me ɓarawon fim ɗin ya ce?"

Iyaye na yawan kukan kallo ya cinye karatun yara, Baba kuwa bai taɓa musu da kowa ba. Maƙwabcinsa tela ya fi kowa kumfar baki, don autarsa ta maimaita aji. Ya rantse in ta sake faɗuwa bana, ita da makaranta sun yi sallama, ta zauna shago tana sa maɓalli.

Auta kan raɓe a ƙarshen benci, da layi ya zo kanta sai ta ce ƙishirwa take ji. Rannan Baba ya ɗaga rimot ya tsayar da fim, mota na tsakiyar tsallake gada.

"Haba Baba! Mota a sama fa!"

"Ta kwana can. Auta, ke muke jira."

Ta yi ta haɗa baƙi da wasali, gumi na tsiyaya, yara na tsaki. Tana kai ƙarshen layi motar ta dira, benci ya kaure da tafi. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Duk wanda ya bi titin ya ga jarumi a sandare, baki buɗe, yana jiran Auta. Sannu a hankali, aka daina tsayar da komai.

Baba, kai ne mai haƙurin jiran yaro har ya ƙarasa. Kai ne ba ka kori kowa ba, ba ka ɗaga bulala ba. Yanzu da ido ya yi rauni za ka rufe shago, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Kai kuma mai talabijin a ɗaki, rage murya ka zauna kusa da ɗanka, ba sai ka iya gyara ba.

Shekaranjiya tela ya faɗo shagon yana haki.

"Baba, ta ci jarrabawa! Ƙwaƙwalwata ta ɗauko, wallahi. Duk da shegen kallon nan naku!"

"Taka ce, Tela. Miƙo tabaran nan naka, ya karkace."

Baba ya ɗaure ƙusar da ta saki, ya goge gilashin da gefen riga, ya miƙa masa. Tela ya maƙala a hanci, ya fice yana ƙwala wa mai aski kira ya zo ya sha labari.