Kazar da Muka Kai Kusfa

Jiya na ji ƙaurin gashin kaza da ake babbakewa a maƙwabta, sai kakata ta faɗo mini a rai, ita da wake-waken kazarta.

A gidanmu na cikin birni, kaka ba ta ƙirga kaji, asalinsu take sani. Wake-waken nan, in ji ta, tattaɓa-kunnen kazar da mahaifiyarta ta haɗa mata cikin kayan aure ce. Mukan tsokane ta cewa ta fi sanin dangin kaji a kan na surukanta, sai ta ce ai kajin sun fi su zuwa gaisuwar safe.

Ina aji biyar murar tsuntsaye ta shigo, lokacin sanyi. A rediyo aka ce tsuntsaye masu ƙetaro ƙasashe ke ɗauko ta, su sauka bakin ruwa su bar wa na gida. Agwaginmu kuwa kullum suna kududdufin bayan gida. Ba a jima ba kaji suka fara gyangyaɗi, kai ya kumbura, da safe a tsinci uku ko huɗu a mace. Kaka ta jiƙa barkono da ɓawon maɗaci a kaskon ruwansu, amma ina.

Wake-wake ce kaɗai ke kiwonta garau, kuma in ta tafi, zuriyar ta yanke. Sai kaka ta yi abin da ta taso ta ga ana yi. Ta saka ta a kwando, ta rufe da tsohon zane, ta ɗora mini a ka.

"Maza kai ta Kusfa wajen ƙanwata. Iskar gidan nan ta ɓaci."

Na bi lungu-lungu ina taƙama, wai ni mai ceton rai. Ban san ciwon nake ɗauke da shi ba. Kafin Juma'a ta zagayo, wake-wake ta mutu, ta tafi da kajin ƙanwar kaka kaf, alhali da ƙwansu ƙanwar take cefane.

Kaka ta daina cin abincin kirki, ta kasa taka Kusfa. Ƙanwar ce ta zo da kanta, ta zauna gefen tabarma.

"Da hannuna na aiko miki," in ji kaka, kanta a sunkuye.

"Haba Yaya. Da a gidana ta fara, wa zan kai wa nawa in ba ke ba?"

Ranar na fara ganin hawayen kaka, na kuwa ƙara son tsofaffin nan biyu.

Yanzu ina kiwon kaji a Tukur-Tukur. Malaman dabbobi sun ce cutar sauya kama take yi, ta lafa ta dawo, ko a takalmi ana iya kwasarta. Makon jiya kazata ɗaya ta yi gyangyaɗi, ƙanwata kuma ta kira za ta zo mini yini da yara. Ita ma tana da kaji, sai na ce ta bari a kwana biyu. Daidai na yi, na sani. Amma da na ajiye wayar, kunya ce ta kama ni.