Randar Baffa a Kwazazzabo

Yanzu idan wani a ofis ya tambaye ni inda zai je ya miƙe ƙafa ranar Asabar, sai in ce ya zagaya sakatariya har ya gaji. Likitoci sun sa ma'aikatan Dutse tafiyar ƙasa, kowa da hawan jininsa da tumbinsa, ni kuma an san ni da yawon duwatsu, shi ya sa ake zuwa wurina. A da ina ba da shawara da zuciya ɗaya. Ina cewa a fita bayan la'asar, a wuce gonakin dabino, a bi tsohon burtali har a gangara kwazazzabon da ruwa ya yanka tsakanin duwatsu. Ina cewa a sa takalmi mai kama ƙasa, kuma kada a shiga idan hadari ya haɗo, don ruwan wurin ba ya sallama. Da damina rafi ne mai sanyi, ga marke da kanya sun yi masa rumfa. Da rani yashi ne da inuwa. Na daina faɗin wannan duka, kuma ba rowa ce ta kama ni ba.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne kafin shanu su ƙare mu tare a unguwar Limawa. Tun yana saurayi ya ajiye wata 'yar randa a cikin tsagin dutse a ƙasan kwazazzabon, ya rufe ta da falalen dutse, ya rataye moɗa a gefe. A ɓoye take saboda rana da awaki, amma duk mai buƙatarta ya san wurin. Makiyaya da mata masu itace sukan sha idan rafi ya ƙafe, wanda ya rage ruwa a gorarsa kuma ya juye a ciki. Ba wanda ya taɓa yin wa'azi a kan haka, yi kawai ake yi.

Da Baffa ya rasu, Inna ta ɗauki randar nan a matsayin sadakarsa da ba ta yanke ba. Gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin titi, don haka aikin ya dawo kaina. Duk Asabar ta rani sai in saɓa jarka in tafi. In na dawo, tambayarta ɗaya ce, ko na tarar ruwan ya ragu. Idan na ce ya ragu, sai ka ga fuskarta ta saki, domin wani ya sha ke nan, lada ya isa ga mijinta. Idan na ce yana nan yadda na bar shi, ranar ko tuwon kirki ba ta ci.

Wata Asabar na tarar da ɗaliban jami'a a wurin, maza da mata, kowa ya miƙa waya a gabansa yana tafiya a sunkuye kamar mai neman allura. Yara ne masu ladabi, sun gaishe ni har da rusunawa. Ɗaya daga cikinsu ya yi mini bayani cewa wasa suke yi. Wani zai ɓoye 'yar roba da tarkace a ciki, ya sa alamar wurin a taswirar waya, sauran su bi alamar su nemo. Wanda ya samu ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani. Tasu robar tana bayan randar Baffa, a ciki akwai dutsen wuya na roba, da mataji, da maƙalin mukulli. Na yi dariya, na ce manya da ku kuna wasan ɓuya. Na roƙe su su matsar da ita daga wurin ruwa. Suka ce to, sai dai alamar ta riga ta shiga waya, wasu ma za su zo. Suka sha ruwan, suka yaba sanyinsa, ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari.

Abin da ni da su ba mu lissafa ba shi ne idon gari. Masu fasa dutse a bakin kwazazzabon suna ganin shigarsu da fitarsu. Masu adaidaita sahu da ke kawo su suna jira suna kallo. Mutanenmu kuwa ba su yarda ɗan boko zai kashe takalminsa a banza ba. In ka ga ya bi dutse da waya a hannu yana leƙa rami, to wayar ta nuna masa wani abu. Kafin a jima magana ta kai teburin mai shayi cewa akwai zinariya a kwazazzabo. Daga nan ta shiga ƙofar masallaci, ta shigo har ofishinmu. Wani babba da ke gaba da ni, mai digiri a bango, ya ja ni gefe yana raɗa, wai tunda ina zuwa duk mako kada in ci ni kaɗai.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce wasa ne, roba ce da mataji. Duk wanda na gaya wa sai ya gyaɗa kai yana murmushi, irin na ai dama haka za ka ce. Jarkar da nake ɗauka ma ta zama hujja, wai ruwan wanke ƙasa ne. Wannan abu ya ƙona mini rai, kuma har yau yana ƙona shi.

Sai aka fara shiga da diga da shebur da guduma. A 'yan makonni an farke gefen rafin kamar gonar dankali bayan haƙa, an sare marken da ya fi kowane inuwa don wai saiwarsa ta danne arzikin. Ɗaliban suka tsorata suka ɗauke ƙafa. Ni ina zuwa ina cika randa, ina gaya wa kaina cewa ko mahaukaci ya san randar ruwa in ya gan ta.

Ranar da na iske ta a fashe, rana ta yi zafi ƙwarai. An jefar da murfin, an haƙe tsagin har gwiwa, moɗar tana kife a yashi an taka ta. Wani mutum mai furfura a gemu yana zaune a kan dutse yana hutawa, shi ya ba ni labari da alfahari. Ya ce sun gano tukunyar tsafin da aka binne don tsare dukiyar, sun yi bisimilla sun rotsa ta. A bayanta kuma sun sami roba da mataji da dutsen wuya, ka ji kayan sihiri sosai. Na ce masa randar ruwa ce ta masu wucewa.

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, wane mai hankali ne zai ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse?"

Na waiga ko zan ga wanda zai shaida. Makiyayan da suka san randar yawancinsu sun yi gaba tun da gonaki suka cinye burtali, ragowar kuma ba mai tambayarsu komai. Ina tsaye haka sai mutumin ya nuna jarkata ya ce in taimaka musu, ƙishi zai kashe su. Suka taru suka shanye ta tas, suna sa mini albarka. Na ba su don ba a hana ruwa, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Daga baya na haɗu da ɗalibin nan a bakin titi, ya ba ni haƙuri, ya ce sun goge alamar, sun koma wani wuri. Su nasu ya ƙare da danna waya. Zinariya kuwa ko kamar ƙwayar gero ba a samu ba, kuma ban ji wanda ya ji kunya ba. Cewa aka yi aljanu sun ɗauke ta saboda an fasa tukunyar ba da yanka ba.

A hanyar gida ran nan na shirya abin da zan yi. Zan sayi sabuwar randa tukuna, in kai ta, sannan in gaya wa Inna a hankali. Amma labari ya riga ni. Na shiga na tarar da maƙwabciyarmu a tsakar gida ta baje zani tana zuba. Wai wani tsohon bokan Fulani ne ya binne tukunyar, wai an ga gashin mutum a ciki, wai ruwan ciki ba ya ƙafewa ko da rani, ka ji aikin shaiɗan. Ta ce zuri'ar irin waɗannan ko a makabarta ba ta son maƙwabtaka da su. Inna tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya kyauta, matar ta ce amin, ta yi sallama ta fita.

Na zauna kusa da Inna, raina yana tafasa. Na ce gobe zan sayo wata, kuma bayan sallar magariba zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa kowa randar wa aka fasa, da wanda ya ajiye ta, da dalilinsa. Ta daɗe tana juya waken. 'Ya'yana mata biyu suna ɗaki suna karatu, babbar an fara zuwa gaisuwa saboda ita. Inna ta dubi ƙofar ɗakin, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ba za ka saya ba, ba za ka tsaya ba. Yaran nan a garin nan za su yi aure. In suna ya manne, ba ya fita."

Na ce, "Inna, sadakar Baffa ce fa."

Ta ce, "Allah ya san tasa ce. Kai dai kada ka gaya wa kowa tamu ce. Ko tsingaronta kada in gani a gidan nan."

Akwai guntu ɗaya a aljihuna, na bakin randar, inda hannun Baffa ya goge shi ya yi santsi. Na tsinto shi ne don in ba ta. Na tashi kamar zan yi alwala, na fita waje, na duba dama da hagu, na sake shi a kwata.