Ranar da na gudu da sandar dattijo

Ko da zan manta komai na zamana a Guangzhou, ba zan manta wata ranar Lahadi da na shiga wasan da ban san ko dokarsa ɗaya ba.

A lokacin ina sayen rigunan wasanni a unguwar Xiaobei ina aikawa Kano. Wanda yake haɗa mini kayan wani dattijo ne ɗan Koriya, ƙato mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Sai da muka shekara biyu tare na ji daga bakin matarsa cewa ya kwashe kusan shekara ashirin yana buga besbol a ƙasarsu, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda. Ta ce idan ya fito, filin gaba ɗaya ke tashi tsaye ana rera sunansa. Ni kuwa duk tsawon lokacin nan ina yi masa tsiya a kan ba ya iya ɗaga kwali da hannun dama. Ashe wasan ne ya cinye kafaɗar.

Wata rana ya same ni a kasuwar Tianxiu, ya ce za a yi masa aiki a kafaɗar, kuma daga nan shi da sanda sun rabu har abada. 'Yan ƙasarsu mazauna garin sun shirya masa wasan ban-kwana, amma mutum ɗaya ya yi tafiya, ba su cika 'yan wasa taran da ake buƙata ba, yana so in cike gurbin. Na ce masa ni ko a talabijin ban taɓa kallon abin ba. Ya dubi damtsena ya ce ya isa. A gidan masu bugun shadda na tashi, tun ina yaro nake ɗaga mabugi, don haka ƙarfin hannu dai akwai.

Wasa ya yi wasa, ni kuwa ina ta dukan iska. Sandunan ƙarfen da suke ba ni ba su da nauyi ko kaɗan a hannuna. Likita ya yarje wa dattijon fitowa sau ɗaya tak, shi kuma dattijon ya ajiye ta zuwa zagayen ƙarshe, bayan tawa. Da zagayen ya zo, an riga an fitar da biyu daga cikinmu. Matarsa ta yi mini bayani cewa idan aka fitar da ni wasa ya ƙare, mijinta zai koma gida bai buga ba.

Sai ya buɗe wata doguwar jaka ya zaro sandarsa ta katako, wadda ya yi shekarun ƙarshe na wasansa da ita, mariƙinta ya yi baƙi saboda gumi. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Lawban, gwada wannan," in ji shi, wato maigida da Sinanci.

Ina riƙe ta na ji kamar mabugin babana. A jifa na biyu na same ta, ƙwallo ta wuce kan mutane, aka hau yi mini ihun in gudu zuwa tashar farko, in yar da sandar. In yar? A gidanmu wanda ya jefar da mabugi a ƙasa ranar sai ya sha dukan da ya fi na shaddar. Balle kayan aro, kayan dattijo. Na rungume ta a ƙirji na sheƙa da gudu, na isa tashar kafin ƙwallo ta iso.

Filin ya kece da dariya, har alƙalin wasa ya dafe gwiwa. Ga dattijo tsaye, lokacinsa ya yi, hannunsa wayam. Ya tako a hankali har inda nake, na miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya ba ni. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun da nake, ban taɓa ganin wanda ya ƙi yar da ita ba."

Ya koma ya gyara tsayuwa. Bugu ɗaya ya yi, ƙwallon ta haye katanga ta faɗa cikin bishiyoyi. Na yi murnar da har yau ban san na taɓa yin irinta ba, ina zagaye filin ina kabbara, shi yana biye da ni a hankali. Kuma bai yar da sandar ba, a ƙirji ya rungume ta har ya kammala zagayen, matarsa tana tafi tana share hawaye.

Tun daga ranar na daina jin kunyar tarbiyyar gidanmu a ƙasar mutane. Abin da ka ɗauka ƙauyanci ne, wani ya yi shekara ashirin yana jiran a yi masa shi.