Wayoyin Baƙi a Jakar Bitrus

Kafin in zama ɓarawo, ɗan ƙwallo ne ni. Duk wanda ya taso a Jikwoyi a lokacinmu, in kun ce masa Bahago, zai nuna muku filin bayan firamare inda nake zubar da manya da ƙafar hagu. Babana mai faci ne a bakin titin Karshi. Da safe in buga masa iska, da yamma in sulale fili. A wancan zamanin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Cutata ɗaya ce: ban iya jure a yi mini dariya ba.

Gidan haya muke, ɗakinmu yana kallon ɗakin su Bitrus. Mutanen Jiwa ne, uwarsa tana soya doya da ƙosai a ƙofar gida. Na girme shi da shekara huɗu. Ni nake kai shi makaranta, in ya gaji in goya shi. Ni na koya masa tare ƙwallo da ƙirji, ni nake rama masa in an doke shi. Tun bakinsa bai gama buɗewa ba yake ce mini Yaya. In muna cin abinci a kwano ɗaya ba ya sa hannu sai na sa, nama kuwa ko gabansa ya gangaro sai ya turo mini. Haka uwarsa ta rene shi.

Sai aka ce za a yi gasar sada zumunta a Abuja, ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Ƙasashe za su turo yaransu, ejan-ejan masu nemo wa ƙungiyoyin Turai 'yan wasa kuma za su zo kallo. Kocinmu na unguwa ya ce zai kai mu gwaji. Bitrus shekararsa sha shida ta gaskiya, ni kuwa ina da ashirin. Koci ya ce, "Kai ma sha shida ce. Kowa da shekarunsa na ƙwallo." Na aske gemu ƙwal, aka yi mini takarda, wanda ya rubuta kuma don rashin kai ya sa Bitrus ya girme ni da 'yan watanni. Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ban ji komai a raina ba sai daɗi.

Aka ɗauke mu duka biyu zuwa sansanin horo. Tun a mota na ja masa kunne.

"Daga yau babu Yaya. Bahago za ka ce. In ka so ma ka riƙa ɗan maƙe mini ƙeya a gaban mutane."

Ya zaro ido. "Ni in taɓa ƙeyarka? Yaya, hannuna ba zai iya ba."

"Ka gani ko? Ka ma fara."

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakinsa ya koyi cewa Bahago, amma jikinsa ya ƙi. In na shigo sai ya miƙe ya ba ni kujera. In an tashi daga horo sai in ga jakata a kafaɗarsa. Rannan muna cin abincin rana, babban koci yana zaune a bayanmu, wani dattijo mai sanƙo da ba ya yawan magana. Shinkafa ta ƙware ni, na kama tari. Bitrus ya zabura ya kawo kofin ruwa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Sannu Yaya, sha ruwa."

Koci ya ajiye cokali. "Zo nan, Bitrus. A takarda kai ne babba. Ta ina wannan ya zama wanka?"

Bitrus ya kalle ni, na ƙifta masa ido. Koci ya ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, shi ne yake goya ni zuwa makaranta."

Ɗakin ya kece da dariya. Har masu raba abinci sai da suka riƙe ciki. Wani yaro daga can ƙarshen tebur ya ɗaga murya, "Baba, ya ka baro jikoki?" Washegari aka kai ni asibiti aka ɗauki hoton wuyan hannuna, irin wanda ke nuna ko ƙashin mutum ya gama girma. Nawa ya gama tun tuni. Aka ce in tattara kayana. Bitrus ya biyo ni har bakin get yana kuka, ɗauke da jakata. Na fizge na ce masa, "Wallahi sai ka ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Labari ya riga ni isa Jikwoyi. Yaran da nake koya wa ƙwallo suka sa mini suna Baban Sansani. Na daina zuwa fili, na daina zuwa wurin faci. Abu ɗaya na dawo da shi da ba a karɓe ba: rigar horo da wandonta, masu launin tutar ƙasa. Ashe wannan riga mabuɗi ce. Na je wani fili a Nyanya kallo, wani yaro ya ga rigar ya ce, "Koci, riƙe mini wayata in buga." Na riƙe, na ce bari in zagaya in yi fitsari, ban dawo ba. Ranar gabana ya faɗi. Na biyu bai faɗi sosai ba. Daga nan na zama mai bin filaye. Na kuma gano wani abu: duk wanda ya sa irin wannan riga ya saɓa buhun ruwan leda a kafaɗa, babu mai gadin da zai tambaye shi ina za shi.

Aka fara gasa. A gidan kallo na ga wasan farko. Bitrus ya tare ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya narka ta a raga. Ni na koya masa wannan, a bayan firamare, da ƙwallon da babana ya yi wa faci. Jikwoyi ta ɗauki ihu. Uwarsa ta raba ƙosai kyauta. Babana, uban da ya haife ni, ya taka rawa a bakin titi yana cewa, "Yaronmu ne! Yaronmu ne!" Na tsaya ina kallonsa. Da na ji an ce wani ejan ya nemi ganin iyayen Bitrus, abinci ma daina shiga ya yi. Na ce a raina, ni a kore ni kamar kare, shi ya hau jirgi? Haba, sai dai in ba na numfashi.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe na sa rigata, na sayi buhun ruwa na saɓa. Rana tsaka, 'yan wasa duka sun fita motsa jiki. Mai gadi ko fuskata bai kalla ba, cewa ya yi, "Yi sauri, suna jira." Na shiga ɗakin canza kaya na baƙi, na kwashi wayoyi da agogon kyaftin ɗinsu, na tsallaka zuwa ɗakin 'yan wasanmu. Jakar Bitrus ba ta ɓace mini ba, don ni na ɗinke mata hannu da zaren faci. Na tura kayan ƙarƙashin tawul ɗinsa na ja zif. Ko ɗaya ban ɗauka wa kaina ba, ba don kuɗi na zo ba. Na hau cikin 'yan kallo, na sayi gyaɗa, na zauna. Bitrus ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Na tafa masa, wallahi har tafina ya yi zafi.

Ana tashi baƙi suka tayar da hankali. Aka rufe ƙofofi, aka tara 'yan wasan ƙasashen biyu da manyan jami'ai. Wani ya kira lambar ɗaya daga cikin wayoyin, sai ga ta tana kuka a jakar Bitrus. Baƙi sun zo sada zumunta an yi musu sata, wannan kunya ta ƙasa ce gaba ɗaya, babu wanda ya tsaya jin rantsuwarsa. Aka ba baƙi haƙuri, aka kore shi a ranar, 'yan sanda suka riƙe shi kwanaki. Hotonsa ya zagaya wayoyin mutane. Waɗanda suka ci ƙosan uwarsa kyauta su suka fara ce mata Maman Ɓarawo. Ta sauke kasko. Ba a jima ba suka kwashe kayansu suka koma Uke wurin ɗan'uwanta.

Kuna tsammani na huce? Ina! Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, na ci na ƙoshi na yi barci. Amma daɗin bai daɗe ba, saboda Bitrus bai san ni ba ne. Yana zargin wani cikin yaran sansani. Har saƙo ya aiko mini ta bakin wani direba, wai Yaya ya sa shi a addu'a. Kai! Wannan saƙo ya fi dariyar nan ƙona ni. Na yi aiki mai kyau haka, mutum bai san hannun wa ya kayar da shi ba? Me na rama ke nan?

Na shiga mota na tafi Uke. Na same shi a bakin titi yana loda wa kawunsa doya, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yana ganina ya yar da doyar ya rugo ya rungume ni. Na ture shi.

"Ni na sa wayoyin a jakarka," na ce. "Ƙarƙashin tawul, ta gefen da zif ya lalace. Na gaya maka sai ka ɗanɗana. Yanzu wa ake yi wa dariya?"

Ya tsaya yana kallona. "Yaya, kai?"

Ban san kawunsa yana tsugune a bayan tarin doya ba. Ihu ɗaya ya yi, samarin tasha suka rufe ni. Da 'yan sanda ba su iso ba da ba ni ke ba ku wannan labari ba. Aka bincika ɗakina aka sami wayoyin da na tara daga filaye. Alƙali bai sha wahalar shari'ata ba, ni da bakina na riga na faɗa. Aka tura ni gidan yari.

Ko a can, da farko gani nake ni aka zalunta. Babana sau ɗaya ya zo, bai zauna ba. Ya ce ya tashi daga bakin titin Karshi don ba ya iya haɗa ido da mutane, ya juya ya tafi. Wani tsohon fursuna da muke shara tare ya tambaye ni abin da Bitrus ya yi mini. Na zayyana masa tun daga farko, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya jingina da tsintsiya ya ce, "Tsaya in gane. Ka ƙware, ya kawo maka ruwa da hannu biyu. Shi ne laifin?" Sai a lokacin na gane. Ni na rage shekaruna, ni na yi ƙarya, yaro ya ƙi rantsewa a kan ƙaryata, shi ke nan. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun ina ƙarami. Na koma ga salla, na roƙi Allah gafara, har yau ina roƙo.

Da aka sake ni, Uke na fara nufa. Kotu ta wanke Bitrus tun lokacin shari'ata, amma wankin bai dawo masa da komai ba. Shekarunsa sun wuce na ƙungiyar yara, manyan ƙungiyoyi kuma hotonsa na farko suke tunawa. Acaɓa yake yi. Ranar Asabar ce, aka nuna mini gidan kallon da yake. Na shiga na durƙusa a gabansa a gaban kowa.

"Tashi," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Zauna nan."

Na zauna a benci kusa da shi. Wasan wata ƙungiyar Turai ake nunawa, fili kore shar, mutane cike. Ya nuna talabijin da haɓa.

"Ka ga wancan yaron, mai lamba sha ɗaya? Shi aka sa a wurina a wasan ƙarshe. A benci yake zama, takalmi ma ni nake ara masa. Ejan ɗin da ya zo domina, da shi ya tafi. Ya gina wa mamansa gida. Tawa tana nan tana sayar da itace."

Muka kalli wasan har aka tashi. Yaron ya ci ɗaya, gidan kallo ya ɗauki ihu, Bitrus bai motsa ba. Da mutane suka watse na ce, "Don girman Allah, ka yafe mini."

"Ban yafe ba," ya ce. "Duk ranar da yaron nan zai buga, ka zo ka zauna a nan kusa da ni, mu kalla tare. In na gaji zan gaya maka."

To, samari, ku da kuke guje-guje a filayen Jikwoyi da Nyanya, da ku nake. In an ce ku rage shekara, ku ƙi, ko da kowa yana yi. In an yi muku dariya, ku bari a yi, dariya ba ta kai mako ba ta wuce. In wani ya ba ku amanar wayarsa, ku mayar masa. In kuma kun ji zuciya tana ce muku sai kun rama, ku tsaya ku ba wani labarin da bakinku, ku ji yadda yake fita, kafin hannunku ya taɓa jakar wani. Ni na gama zaman da alƙali ya yanka mini, na koma faci, ina cin halal ɗina. Amma abin da na fizge daga hannun Bitrus ba ni da inda zan samo in mayar.

Duk mako nakan rufe shago in shiga motar Uke. In zauna a gefensa, ba ya ce mini sannu, ba ya ce mini tashi. Yaron can yana gudu a talabijin, ni ina jin numfashin Bitrus a kusa da kunnena. Gobe ma suna da wasa da la'asar, kuma har yau bai ce ya gaji ba.