Ƙofar Gidan Tarus

A sansaninmu na 'yan tsere a garin Iten, ni ke tuƙa tuwon masara, Zipporah Jemutai ke riƙe da kwamfuta. Ita ma 'yar tsere ce a da, gwiwa ta hana ta. Ba ta zauna kuka ba, ta koyi aikin nan, kuma wallahi tana jin daɗinsa.

Kowane babban ɗan tsere sai an shigar wa hukumar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari inda za a same shi, awa guda kowace rana, don masu gwajin fitsari su faɗo ba sallama. A neme ka sau uku a rasa, an dakatar da kai, ko ruwa kaɗai kake sha. To mu ina muka ga sunan titi? Sai Zipporah ta rubuta: bayan injin niƙa, gida mai shuɗiyar ƙofa.

Gidan Nahashon Tarus ke nan. Yaron kirki, ƙafa kamar barewa, amma kai babu lissafi. Sau biyu an neme shi an rasa: ranar farko yana jana'iza, ta biyu ya bi saniyarsa da ta ɓata. Ga babbar gasa a Turai ta matso, wadda ya daɗe yana mafarki.

Wata Lahadi da sassafe muna hanyar coci ni da ita, sai ta ja ta tsaya cak. Ƙofar Tarus ta koma koriya shar, fenti ko bushewa bai yi ba. Matarsa ce ta sa aka shafa jiya, wai baƙi za su zo.

"Tarus! Fito nan, sarkin shirme!"

Ya leƙo da kofin shayi. "Mama, lafiya?"

"Lafiyar ke nan? Wa ya ce ka sauya ƙofa ba ka gaya mini ba?"

"Haba Mama, ƙofa ce fa, ba ƙaura na yi ba."

"Mai gwaji ɗan garinku ne? Shuɗi zai nema, ya rasa, ya juya!"

Ta ciro waya, amma awarsa ta riga ta shiga, gyara ba zai karɓu ba. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. Sai ta buɗe jaka ta zaro rigarta ta mawaƙan coci, shuɗiya, mai faɗi kamar zanin gado, ta baza a kan ƙofar. Matar Tarus ta fito tana salati saboda fentinta. Zipporah ko kallonta ba ta yi ba.

Na ce a raina yau dai ba mai zuwa, mun ɓata riga a banza. Ban gama wannan tunani ba sai ga ɗan acaɓa, da wani mutum a baya rungume da akwatin sanyi irin na masu gwaji, yana leƙen gidaje. Ya wuce mu, ya waiwayo, ya dawo.

"Nan ne mai shuɗiyar ƙofa?"

"Me idonka ya gani?" in ji Zipporah.

Mutumin ya yi dariya ya shiga.

Tarus ya je Turai, ya zo na tara a gasar, ya dawo baki har kunne. Zipporah kuwa, a waccan Lahadin a sahun gaba ta tsaya a coci sanye da rigar nan, da koren fenti tun daga kafaɗa har gwiwa, muryarta ta fi ta kowa tashi.