Sungumin Saje Mudi

Duk wanda ya bi hanyar Danja da damina ya san gonar Saje Mudi ko ba a nuna masa ba. Ita ce wadda dawarta ke tsaye a layi ɗoɗar kamar sojoji a fareti. Mutanen ƙauye sun sha yi masa dariya, wai tsohon soja sai ya ja igiya kafin ya yi shuka. Shi kuwa ko a jikinsa.

Inno, matarsa, ta fi kowa sanin taurin kansa, don da shi ya aure ta. 'Yar Maguzawa ce, ta tashi da fartanya a hannu. Ko da ta musulunta, dangin Mudi sun tayar da jijiyar wuya, ya bar su da surutunsu ya kai sadaki. Ranar da aka kai ta ɗaki, mahaifinta ya ba su zangarniyar kaura, ya ce irin kakanni ne, kada su bari ya yanke a hannunsu.

Aikin soja ya yi yawo da Mudi, Kaduna, Jos, har Laberiya, inda ya dawo da ɗingishi. Amma in dai yana ƙasar nan, ruwan shuka a gida yake samunsa. Wata shekara aka hana shi hutu, ya taho abinsa, ya koma aka kulle shi aka rage masa muƙami, bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Shi ne a gaba da sungumi yana sara, Inno a baya tana zuba iri tana binnewa da dunduniya. A gida ma haka yake. Ba ya sa hannu a akushi sai yara sun ƙoshi. Da Inno ta haihu shi ke tuƙa tuwo, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna ƙus-ƙus, yana ce musu su shigo su ɗanɗana.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, gonakin bakin daji suka koma ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Saje, da furfurarsa da ɗingishinsa, bai fasa ba. "Ban gudu a ƙasar wasu ba," in ji shi, "sai a gonata?" Kuma ba su suka kashe shi ba. Hawan jini ne ya kwantar da shi da bazara, ya cika a asibitin Malumfashi. Inno takan faɗi wannan ga masu ta'aziyya, kanta a ɗage.

Tana cikin takaba ruwan shuka ya sauka. Da gari ya waye ta sauko da zangarniyoyin da Saje ya zaɓa da hannunsa ya rataye a hayaƙin madafa, ta sussuke su a ƙwarya. A haka Mansur, babban ɗansu mai tuƙa keke a Funtua, ya same ta.

"Inna, ina za ki da iri?"

"Inda ake kai iri."

"Takaba kike fa. Me mutane za su ce? Ki bari ki fita takaba, in ɗauke ki mu koma Funtua. Gonar nan babu mai zuwa cikinta yanzu."

"Na tambayi Malam Jibril, ya ce in da lalura, takaba ba ta hana fita da rana. Mutane kuwa, tun kafin a haife ka suke magana a kanmu. In laimar nan ta wuce, shi ke nan, a hannuna irin ubana zai yanke, a shekarar da na binne ubanka. Wallahi ba a hannuna ba."

Ta ɗauki sungumin da igiyar ta fita, da tsohon zanen takaba a jikinta. Mata suka cika ƙofofin gida suna kallo, ba ta waiwayi kowa ba. Tsoro kam tana ji, musamman da ta hangi dajin ya yi shiru a ƙarshen gona. Ta kafa turke, ta ja igiya, ta ɗaga sungumin. Sai a nan kuka ya ci ƙarfinta, don ba ta taɓa tsayawa a gaba ba, bayan Saje kawai ta saba kallo. Ta share ido da bakin zane, ta kai sara.

Ta yi nisa kafin ta ji taku a bayanta. Mansur ne, ya tuɓe takalmi, ƙwaryar iri a hannu, yana zubawa yana binnewa.

Ba ta tsaya ba. "Da dunduniya ake yi," ta ce, "ba da yatsu ba. Kuma ka bi layi, gonar ubanka ce."